Yadda za ka sa bangon laka ya fito laka a wasan kwamfuta

Duk matashin da ya zauna zai gina garinsu cikin injin wasa, Godot ne ko Unity ko Unreal, yakan ci karo da matsala ɗaya. Ya tayar da katanga, ya shafa mata jan launi, amma sai ta fito tana ƙyalli, ba ta da kamar laka ko kaɗan. Ba a launi gyaran yake ba. Ido yana gane abu ne daga yadda yake mayar da haske, kuma wannan aikin abin da injin ya rubuta wa Material ne. Ka ɗauke shi kamar yaɓe: siffar da ka gina ita ce tubali, shi kuwa shi ne abin da mai kallo zai gani.

Kafin ka taɓa kwamfuta, fita ka duba. Ɗan Badagishiri yana da abin koyi a kusa: masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya kuma samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsaya gaban bangon laka irin wannan da hantsi. Za ka ga sawun tafin hannun mai yaɓe, guntayen ciyawa da ke leƙowa, da zanen da ruwa ya bari ƙarƙashin indararo. Ba za ka ga wurin da rana ke walƙiya ba. Abin da za ka kwaikwaya ke nan.

Fara da kaushi, gurbin da aka rubuta wa Roughness, domin shi ne ya fi sauya kamar abu. Ma'auninsa daga 0 ne zuwa 1: a 0 abu yana sheƙi har ka ga inuwarka, a 1 haske yana watsewa. Busasshiyar laka ka sa ta tsakanin 0.9 da 1. Daɓen simintin Malbaza da ƙafa ta goge, 0.7 ya ishe shi. Unreal yakan fara da 0.5, shi ya sa bangonka ke ƙyalli. A Unity kuwa santsi ake aunawa, don haka lissafin a juye yake: laka ka kai ta kusa da 0.

Sai gurbin ƙarfe, Metallic. Nan babu tsaka-tsaki, abu ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba. Laka, azara, tabarma, tulu, duka 0. Sabon kwanon rufi 1, da kaushi kamar 0.35. Tsatsa kuma ba ta mayar da haske irin na ƙarfe, saboda haka inda ta ci kwanon ka mayar da shi 0, ka ɗaga kaushinsa. Tsohuwar rumfar kasuwa ba za ta fito daidai ba sai ka zana taswira mai baƙi da fari da ke nuna wa injin inda tsatsa take.

Launi kuwa, wato Albedo, wayarka ta isa ta samo maka shi. Ɗauki hoton bango a inuwa ko ranar da gari ya yi lumshi, ka tsaya daidai gabansa ba a karkace ba. In ka ɗauka cikin tsakar rana, inuwar da ke hoton za ta yi faɗa da ranar da ke cikin wasan. Ka kuma guji baƙi ƙirin da fari fat, domin ko gawayi yana mayar da ɗan haske. Manhajar GIMP kyauta ce, tana iya haɗe bakunan hoto yadda ba za a ga ɗinki ba in an jera shi.

Gargada da ƴan ramuka aikin taswirar Normal ce, mai launin shuɗi-shuɗi. Ba ta sauya siffar bango, haske kawai take ruɗa, don haka ba ta yi wa na'ura nauyi. Kula da abu ɗaya: Godot da Unity suna bin tsarin OpenGL, Unreal yana bin na DirectX. In ka ga rami ya koma tudu, juya koren sashen taswirar.

Kada ka manta da wanda zai buga wasan. Yawancin abokanka a Ƙonni da Illela ƙananan wayoyi gare su, ga tsadar data. Hoto mai faɗin pixel 1024 ya wadatar ga bango, 512 ga tulu ko kujera. Yi yaɓen laka guda ɗaya, ka riƙa sauya masa launi kaɗan daga gida zuwa gida, maimakon ka loda hotuna goma. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, zaɓi Godot: kyauta ne, ba shi da nauyin saukewa, yana kuma da tsarin Compatibility don tsofaffin na'urori.

Daga ƙarshe, gwada aikinka da haske uku: hantsi, tsakar rana da hazon hunturu. In kana son damina, duhunta launin lakar, ka rage kaushinta, gindin bango ya fi samansa jiƙa. Sannan ka nuna wa magini ko wani dattijo a unguwarku ba tare da ka faɗa masa abin da ka zana ba. In ya ce wannan yaɓen bana ne, wancan kuma ya sha damina biyu, to ka wuce zuwa rufi da ƙofofi.