Tsabtace Rufin Tayil Daga Gansakuka Da Fumfuna: Darasi Ga Magidanta

Garin Shabu yana kan hanyar da ta tashi daga Lafiya zuwa Akwanga. Tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama hedkwatar jiha, gine-gine suka yawaita a garuruwan da ke kewaye da ita, har da Shabu. Inda a da ba a ganin komai sai jinka da kwano, yanzu ana ganin rufin tayil iri-iri. Akwai na gasasshen yumɓu, akwai na siminti, akwai kuma na ƙarfe wanda aka liƙa wa 'yan tsakuwa a sama.

Rufin tayil yana cin kuɗi mai yawa, amma bayan 'yan damuna kaɗan sai mai gida ya ga ya soma yin baƙi, wani wurin kuma ya yi kore. Magidanta da yawa sukan kira masu injin wankin mota su feshe shi da ruwa mai tsananin ƙarfi. Wannan kuskure ne, kuma yakan jawo hasarar dukiya, wani lokaci har da lafiya. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana abin da ke haddasa dattin, da hanyar kawar da shi ba tare da an lalata rufin ba.

1. Abin da ke fitowa a kan rufi

Ba ƙura ce kaɗai ke ɓata rufi ba, waɗansu ƙananan halittu ne masu rai. Koren da ake gani gansakuka ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a jikin randa da bakin rijiya. Baƙin zanen da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa yawanci wata ƙwayar halitta ce da masana ke kira Gloeocapsa magma, wadda ke lulluɓe kanta da baƙar riga don kare kanta daga hasken rana. Fumfuna kuwa takan kama inda ganyaye da kashin tsuntsaye suka taru suna ruɓewa. Akwai kuma wani tabo fari-fari mai kama da makero, wanda ke manne wa tayil ƙam, shi ne ya fi wuyar fita.

Dukansu abu uku suke bukata: laima, da inuwa, da ɗan datti. Ƙasar Lafiya tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma damunarta takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, wato ta fi ta Kano da Sakkwato tsawo. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan rufi, damuna ta zo ta jiƙa ta, abinci ya samu ke nan.

Littattafan ƙasashen Turai sukan ce gefen rufin da ke duban arewa shi ya fi yin gansakuka. Wannan bai shafi Shabu sosai ba, domin a nan rana takan bi kusan ta tsakar ka a mafi yawan damuna. Abin da ya kamata mai gida ya duba shi ne gefen da mangwaro, ko kashu, ko wani dogon gini ya yi wa inuwa.

2. Illar barin dattin

Gansakuka tana riƙe ruwa, ta hana tayil bushewa da wuri. Idan ta haɗu da ganyaye sai ta toshe indararo, ruwa ya koma baya ya jiƙa katakon rufi da silin. Ruwan da ya kwanta a cikin indararo makwancin sauro ne, kuma a lokacin zafi ƙwan sauro yakan zama babban sauro cikin mako guda zuwa kwana goma. Gidan da ke tarar ruwan sama don sha da girki kuwa, duk dattin nan a tankinsa yake ƙarewa.

3. Dalilin da ya sa aka hana ruwa mai tsananin ƙarfi

Na farko, an jera tayil ne ɗaya bisa ɗaya don ruwan da ke saukowa daga sama. Ruwan inji yakan kutsa ta ƙarƙashin tayil ya shiga cikin ɗaki.

Na biyu, yana kankare fenti da santsin tayil na siminti, ya zubar da tsakuwar tayil na ƙarfe. Tayil ɗin da ya yi kaushi ya fi riƙe laima, saboda haka gansakukar da za ta dawo za ta fi ta farko yawa.

Na uku, inji yana ture abin da ido ke gani ne kawai, ba ya kashe tushensa.

Na huɗu, ƙarfin ruwan yakan ture mai riƙe da tiyo, ga shi kuma yana tsaye a kan jiƙaƙƙen rufi mai santsi.

4. Gargaɗi na musamman game da asbesto

Tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu da asibitoci da yawa, musamman waɗanda aka gina a shekarun 1970 da 1980, an rufe su ne da faranti mai launin toka wanda aka yi da siminti haɗe da zaren asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane irin asbesto yana haddasa ciwon daji, kuma cutar takan ɓoye shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana. Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999.

Muddin farantin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka kankare shi, ko aka goge shi da burushin ƙarfe, ko aka feshe shi da inji, zaren yakan fita, ya bushe, iska ta ɗauka, mutane su shaƙa. Kuma tsohon faranti ba ya ɗaukar nauyin mutum, yakan burma da shi. Duk wanda yake zaton rufinsa irin wannan ne, kada ya hau, kada ya goge. Ya nemi shawarar duba-gari a ofishin lafiya na Ƙaramar Hukuma tukuna.

5. Lokacin da ya dace da aikin

Watan Nuwamba ya fi dacewa, bayan ɗaukewar ruwa, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi. A yi aikin da sassafe, tun rufi bai ɗau zafi ba, domin rana takan busar da maganin kafin ya gama aikinsa. Kada a yi feshi ranar da ake iska.

6. Kayan aiki

Tsani mai ƙwari, da igiya, da tsintsiya ko burushi mai taushi mai dogon mariƙi, da bokiti, da safar hannu ta roba, da tabarau mai kare ido, da takalmin roba. Sai famfon feshi na goyo irin na manoma, da bilic na wanki mai lambar hukumar NAFDAC. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin ɗari, kuma akan rubuta hakan a jikin gora.

Abin lura: kada a yi amfani da famfon da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari. Ragowar maganin za ta bi rufi ta sauka a tsakar gida.

7. Yadda ake yi

(a) A cire bututun da ke kai ruwa tanki, a rufe tanki da rijiya. A kawar da yara, da kaji, da awaki, da shanya.

(b) A jiƙa shuke-shuken da ke gindin gini da ruwa sosai, a lulluɓe ƙanana da leda.

(c) A kafa tsani a ƙasa mai tauri. Idan bakin rufi ya kai mita 4, gindin tsani ya nisanci bango da mita 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita 1. Wani ya riƙe shi. A nisanci wayar lantarki.

(d) A share ganyaye daga sama zuwa ƙasa, a kwashe abin da ke cikin indararo.

(e) A haɗa bilic da ruwa rabi da rabi. Famfo mai cin lita 16 zai ɗauki lita 8 na bilic da lita 8 na ruwa. Wannan ma'auni shi ne ƙungiyar masu ƙera rufin kwalta ta Amurka ta bayar, kuma yana aiki ga tayil na yumɓu da na siminti. Mai tayil na ƙarfe ya fara neman umarnin kamfanin da ya ƙera shi, domin bilic yana cin ƙarfe. A gwada a wani ɗan lungu kafin a yi gaba ɗaya.

(f) A fesa a hankali har wurin ya jiƙe, a bar shi minti 15 zuwa 20.

(g) A ɗauraye da ruwan bokiti ko tiyon gida, daga ƙololuwar rufi zuwa ƙasa. A ɗauraye indararo sosai, a sake ba shuke-shuke ruwa.

Inda za a iya kaiwa daga kan tsani, babu bukatar hawa rufi. In hawan ya zama dole, a ɗaura igiya, a taka busasshen wuri kaɗai. Tabon da bai fita nan take ba kada a kankare shi. Ya riga ya mutu, zai kakkaɓe da kansa cikin 'yan makonni. Wurin da ya gagara a maimaita masa feshi.

8. Abin da ba a haɗawa da bilic

Ba a haɗa bilic da komai sai ruwa. Idan ya gamu da ruwan batir, ko maganin wanke masai, ko wani abu mai tsami, yakan fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu. Idan kuma ya gamu da abin da ke ɗauke da amoniya, yakan fitar da wata iska mai guba. Wanda bilic ya faɗa wa a ido ya yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti.

9. Rigakafi

A sassabe rassan da suka rufe gini don rana da iska su samu hanya. A share indararo sau biyu a shekara, cikin Maris kafin faɗuwar ruwa, da kuma cikin Nuwamba. Kada a mayar da bututun tanki sai ruwan sama na farko da na biyu sun wanke rufin. Mai gida ya riƙa zagaya gidansa yana duban rufi bayan kowace damuna, ya canza tayil ɗin da ya tsage tun ɓarnar ba ta kai ga katako ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ana roƙon masu unguwanni, da malaman makaranta, da magina, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani.

Tambayoyi don bita

1. Waɗanne abubuwa uku gansakuka da fumfuna ke bukata kafin su yaɗu?
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa aka hana wanke rufi da injin wankin mota.
3. Me ya kamata mai rufin asbesto ya yi?
4. Lita nawa na bilic za a zuba a famfo mai cin lita 20?
5. Don me ake cire bututun tanki kafin a fara feshi?