Yadda Ake Ƙalubalantar Kuɗin Fakin da Tarar da Ba Ta Kan Ƙa'ida

Direban da ya taso daga Paikon Kore, ko doya ya ɗauko zuwa kasuwar Gwagwalada, ko mara lafiya zai kai asibiti, ko sayayya ce ta kai shi Wuse, ya san tsayawar mota ma kuɗi ce. Kuɗin fakin na ƙa'ida, wanda aka rubuta a bakin ƙofa, ba ya tayar wa kowa da hankali. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya dawo ya tarar an ɗaure tayar motarsa da ƙarfe, ko an kwance lambarta, ko janwe ya yi gaba da ita, sannan wani mai rigar ƙyalli ya yanka masa tara da fatar baki. Da yawa sukan biya su ce sun bar wa Allah. A ganina wannan shirun ne ke ƙara wa masu yi ƙwarin gwiwa, alhali akwai hanyar bin haƙƙi, kuma takarda take buƙata fiye da ɗaga murya.

Kafin ka ce uffan, ciro wayarka. Ja da baya ka ɗauki motar gaba ɗaya yadda za a gane inda take tsaye, da ginin ko shagon da ke kusa. Matso ka ɗauki ƙarfen da ke jikin tayar. Ɗauki tikitin da aka ba ka a ƙofa, lokacin shiga ya fito sarai. Sannan ka nemi allon da ke bayyana farashi da sharuɗɗa. In yana nan, ɗauke shi daga inda direba zai hango shi yana cikin mota, domin allon da bishiya ta rufe, ko wanda rana ta cinye rubutunsa, hujja ce a gare ka. In babu allo sam, ɗauki ƙofar shiga a ga babu. Mai shayi ko mai shago da abin ya faru a gabansa, roƙe shi lambar waya. Kada ka taɓa ƙarfen da nufin ɓalle shi, kada ka kai wa kowa hannu. Da zarar ka yi haka magana ta tashi daga kuɗin fakin ta koma ɓarna da duka, kai mai gaskiya ka zama wanda ake tuhuma.

Daga nan sai tambayar da komai ya rataya a kanta: filin na wa ne, kuma wa ya aiko mai karɓar kuɗin? Yi ta cikin sanyin murya. "Sannu da aiki, Malam. Don Allah wane ofishi ne ya turo ku? Ina iya ganin katin shaida?" Sau da yawa amsar ita ce, "Alhaji, kawo abin da ke hannunka kawai mu sallame ka." Tarar da ake ciniki a kanta, daga dubu ashirin ta sauko dubu biyar, ita da kanta ta nuna ba a rubuce take ba. Ka ce masa, "Ba na ƙin biya, ɗan'uwa. Kai ni wurin manaja, ko ka kira mini oganku." Yaron da ke bakin ƙofa galibi kamasho yake ci, ba shi ya tsara abin ba, zaginsa ba zai kwance tayar ba.

In filin na wani ne, kamar harabar plaza, otal ko wurin biki, abin da ke tsakaninku yarjejeniya ce. Ya kafa sharaɗi, ka gani, ka shiga, to ka amince. Sharaɗin da ba a nuna maka ba sai bayan ka ajiye mota, da wuya ya hau kanka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi, ta kuma hana sharuɗɗan zalunci. Nan ya kamata direba ya yi wa kansa adalci: in allon a fili yake, ya ce awa biyu, kai ka yi biyar, ƙarin kuɗin da aka rubuta naka ne. Ko a Ingila, a 2015 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cajin fam 85 da kamfanin ParkingEye ya ɗora wa wani direba da ya wuce awa biyun da aka ba shi kyauta, kuma bayyanar allunan na cikin dalilanta. Sai dai can tun 2012 doka ta haramta wa masu filaye ɗaure taya ko jan mota ba da izinin doka ba, don haka gardamar a kan takarda ake yin ta, mota tana hannun mai ita.

In kuwa a gefen titin gwamnati ka tsaya, sai wanda doka ta ba iko ne zai karɓi ko sisi, kuma Abuja ta ga wannan shari'ar. Tsarin biyan kuɗin fakin a titunan birnin, wanda aka danƙa wa kamfanoni masu zaman kansu, ya gallabi mutane da ɗaure taya da jan motoci, har kamfanin Sun Trust Savings and Loans ya kai ƙara. A watan Afrilun 2014 Mai Shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Abuja ya yanke cewa babu dokar da tsarin ya tsaya a kanta, ya dakatar da shi. A 2023 aka sake sa hannu da 'yan kwangila don dawo da shi, a 2024 kuma Ministan Abuja Nyesom Wike ya fito ya ce ba ya bisa ƙa'ida, yana kukan cewa 'yan kwangila ke kwashe kashi 80 cikin ɗari su bar wa gwamnati 20. Saboda haka don mutum ya ce "gwamnati ce ta sa mu" bai wadatar ba. Tambaye shi wace doka, wane sashe, nawa ta ce. A Paikon Kore da kewaye, tasha da kasuwa hurumin ƙaramar hukumar Gwagwalada ne, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota. Rasidin gaske zai ɗauki sunan hukumar da lambar rasidi.

Yanzu ka biya ko kada ka biya? In dare ya kusa, ko akwai kaya mai lalacewa a mota, ko iyali na jira, biya ka karɓi motarka. Biyan bai kashe haƙƙinka ba matuƙar ka bar shaida. Tura kuɗin ta banki ko POS, ka duba sunan da ya fito kafin ka danna. In sunan wani mutum ne maimakon na kamfani ko hukuma, ɗauki hoton fuskar wayar. A wurin rubuta dalilin turawa, sa lambar motarka da cewa ka biya ne don a saki mota, ba ka yarda da cajin ba. Ka nace a ba ka rasidi mai kwanan wata. In aka ce za a kira 'yan sanda, bari a kira. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Cikin kwana biyu ko uku, tun abin yana sabo a kanka, rubuta takardar koke. Shafi ɗaya ya isa: ranar, lokacin, wurin, lambar mota, abin da aka yi, nawa aka karɓa, dalilin da ya sa ka ce ba daidai ba ne, da abin da kake nema, wato a maido maka kuɗinka cikin mako biyu. Ban da zagi, ban da dogon labari. Haɗa da kwafin hotuna da rasidi, ainihin rasidin ya zauna a gida. Yi kwafi biyu na takardar, kai wa manajan wurin ko sashen tara kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, su buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Wannan hatimin mutane suke mantawa da shi, kuma in babu shi gobe za a ce ba a taɓa ganin takardarka ba. Wanda rubutun boko ke ba shi wahala, masu buga takardu a Gwagwalada za su tsara masa, amma a karanta masa kafin ya sa hannu.

In wa'adin ya cika ba amsa, kamfani ne ka kai shi FCCPC, wadda ke karɓar koke ta intanet da kuma a ofishinta na Abuja. Hukuma ce ko ɗan kwangilarta, ka nufi Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Ba ta karɓar kuɗi, amma kada ka bari shekara ta zagayo, kuma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Kotu tana nan ga wanda aka riƙe masa mota kwanaki ko aka lalata ta wajen ja, domin sashe na 44 na tsarin mulki ya hana ƙwace dukiyar mutum sai ta hanyar da doka ta tsara. A nan sai da lauya, kuma da wuri, saboda ƙarar jami'in gwamnati kan aikin ofishinsa a ƙa'ida cikin wata uku ake shigar da ita.

Na san wani zai ce kuɗin motar zirga-zirga daga Paikon Kore zuwa cikin gari ya fi dubu biyar ɗin da aka karɓe. Gaskiya ne, shi ya sa koken taro ya fi na mutum ɗaya. Direbobin da ke lodi a tasha ɗaya su tara rasidansu wurin sakataren ƙungiya, a jera ranaku da adadi da sunan asusun da kuɗin ya shiga, a rubuta takarda guda kowa ya sa hannu, mutum biyu su kai ta a madadin saura, su dawo da kwafi mai hatimi a ajiye a ofishin ƙungiya.