Kyanwa a Lokacin Bazara: Yadda Ake Gane Bugun Zafi da Ciwon Farat Ɗaya

Darasinmu na yau ya shafi wata dabba da ba a tatsa, ba a kuma kai ta kasuwa, amma tana tsare dukiyar makiyayi. Ita ce kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma mussa. A Bengu da sauran ƙauyukan Gaya, ita ke gadin rumbun gero da dawa, da siton ƙungiya inda ake ajiye dusa, angurya da kowar wake. Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga ci da fasa buhu ba. Fitsarinsa a cikin abincin dabbobi yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari. Ke nan mutuwar kyanwa asara ce ga gida da ƙungiya.

Ana yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, amma ba kowace kwanciya ce ta farauta ba. Kyanwa tana ɓoye ciwo, kuma kafin ta nuna alama sau da yawa abin ya yi nisa. Idan ta faɗi farat ɗaya, a fara bambance abu uku: zafi ne, guba ce, ko ciwon haukan kare? Kowanne da irin matakin da ake ɗauka.

Me ya sa zafi ke kayar da kyanwa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a yankin Gaya kan wuce digiri 40. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogin Kwara ga fadamu, shi ya sa gab da faɗuwar damina iska kan yi nauyi da laima. Kyanwa ba ta yin gumi a jiki kamar mutum ko doki, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Tana sanyaya jikinta ne ta hanyar lasar gashinta, miyau ya bushe ya tafi da zafin. In akwai laima a iska, miyau ba ya bushewa da wuri, sai zafi ya taru a jiki.

Zafin jikin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39. In ya kai 40 an shiga haɗari. Daga 41 zuwa sama, ƙoda, hanta da ƙwaƙwalwa suna fara lalacewa.

Kyanwar da ke sake ba kasafai zafi ke bugun ta ba, don ta san gindin randa da ƙarƙashin rumbu. Wadda aka tsare ce ke shiga uku: wadda aka kulle tun safe a sito mai rufin kwano babu ruwa, ko aka ƙulle a buhu aka ɗaure a bayan babur da tsakar rana, ko aka rufe a kwali. Ƴan ƙanana, tsofaffi, masu ciki da masu shayarwa sun fi saurin galabaita.

Alamomin bugun zafi

Babbar alama ita ce haki da baki buɗe. Kare yana haki kullum, wannan ɗabi'arsa ce. Kyanwa kuwa in ta buɗe baki tana haki, ko dai zafi ya yi mata yawa ko tana da matsalar numfashi, kuma duka biyun na gaggawa ne. Sauran alamomin su ne:

- numfashi da sauri. Lafiyayyar kyanwa in tana hutawa numfashinta bai cika wuce 30 a minti ɗaya ba
- dalalar miyau
- harshe da dasashi su yi ja sosai
- kunnuwa da tafin ƙafa su yi zafi
- amai ko zawo
- tangaɗi, faɗuwa, jijjiga ko suma

Taimakon gaggawa

1. A ɗauke ta zuwa inuwa mai iska nan take.
2. A jiƙa jikinta da ruwan randa, musamman ciki, hammata, cinyoyi da tafin ƙafa. Kada ruwa ya shiga hanci ko baki.
3. A riƙa yi mata fifita da mafici ko faifai. Ruwa da iska tare su ne ke fitar da zafi.
4. Kada a naɗe ta da jiƙaƙƙen zane a bar shi a jikinta, domin yana ɗumama ya riƙe zafin.
5. A ajiye mata ruwa ta sha da kanta. Kada a yi mata ɗure, don ruwan na iya wucewa huhu.
6. In akwai ma'aunin zafi irin wanda ake auna awaki da shi, a shafa masa mai a sa a dubura a hankali. In zafin ya sauko 39.5 a daina jiƙa ta, kada sanyi ya kama ta.

A fara sanyayawa kafin a kama hanyar likita, ba bayan an isa ba. Ko da ta miƙe ta ci abinci, a sa mata ido kwana 2 zuwa 3, saboda lalacewar ƙoda kan bayyana daga baya. In ta daina fitsari, ko amai ya ƙi tsayawa, ko aka ga jini a kashinta, sai likitan dabbobi.

Idan guba ce

A gidan makiyayi, guba ta fi yawan zuwa daga kayan aikinmu na kullum.

Maganin kaska da ƙuma na shanu. Da yawa daga cikin magungunan da ake zuba wa shanu a gadon baya ko ake fesa musu suna ɗauke da sinadarin da hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa. Ku duba jikin kwalba: in sunan sinadarin ya ƙare da "methrin" ko "méthrine", kada ya taɓa kyanwa, ko da ɗigo ne don kashe mata ƙuma. Alamominsa su ne karkarwar jiki, fizgar kunne da fata, dalala da jijjiga, cikin ƴan awoyi. A wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi har sai warin ya fita, a goge ta, a nemi likita.

Shinkafar ɓera. Kyanwa na iya cin gubar kai tsaye, ko ta ci ɓeran da ya ci. Wani nau'in yana aiki cikin awoyi. Wani kuma yana hana jini daskarewa, ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5: dasashi ya yi fari, kyanwa ta yi laushi, jini ya fito ta hanci ko a kashi. Wannan nau'in yana da makari, wato bitamin K1, in an kai ta da wuri.

Fiya-fiya da ƙwayar maganin da ake sa wa buhunan wake. Kada a bar kyanwa a ɗakin da aka yi feshi ko aka sa wannan ƙwaya. Iskar da take fitarwa tana kashe dabba, tana kashe mutum.

Farasitamol. Jin jikin kyanwa da zafi kan sa wasu su gutsura mata maganin zazzaɓi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya.

A duk waɗannan, kada a ɗura mata madara, manja ko ruwan gishiri don ta yi amai. A tafi da kwalba ko ledar maganin wurin likita, domin ita ce za ta nuna masa abin da zai yi.

Idan ciwon haukan kare ne

Nan ne haɗarin ya shafi ran mutane. Kyanwa tana kamuwa da wannan ciwo in mahaukacin kare ko wata dabba mai ciwon ta cije ta. Dalalar miyau tana iya sa a ɗauka zafi ne, shi ya sa kafin a kai hannu a tambaya: wani abu ya cije ta a makonnin baya? Halinta ya canja? Tana kai wa mutane cizo babu dalili, muryarta ta dushe, ko ƙafafun baya sun shanye?

In amsar e ce, kada a taɓa ta da hannu, kada a buɗe bakinta. A kife ta da kwando mai ƙarfi a inuwa, a kori yara, a sanar da ma'aikatan kiwo. Kada a fasa kanta, don da ƙwaƙwalwa ake tabbatar da ciwon a ɗakin bincike irin LABOCEL da ke Yamai. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

Wata matsala ta muzuru

Muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙuri da kuka, fitsari bai fita ba ko yana fita ɗigo-ɗigo da jini, mafitsararsa ce ta toshe. Kada a matsa masa ciki. Yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma likita kaɗai ke iya buɗe hanyar. Ƙarancin shan ruwa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

- A bar wa kyanwar sito kafar shiga da fita, a ajiye mata ruwa a kaskon ƙasa a canja shi kullum.
- Mai riƙe da makulli ya leƙa ciki kafin ya rufe.
- In za a kai kyanwa wani gari, a sa ta a kwando mai shan iska, a yi tafiyar da sassafe ko da yamma.
- Magungunan shanu da na ƙwari su zauna a akwati mai makulli, a binne kwalaben da suka ƙare.
- Inda akwai kyanwa, a yi amfani da tarko maimakon shinkafar ɓera.
- A rubuta lambar wayar mataimakin likitan dabbobi na yankinku da ta ofishin kiwo na Gaya a ƙofar sito.
- A tambayi ma'aikatan kiwo yadda za a yi wa karnuka da kyanwoyi allurar haukan kare.

A taronku na gaba, ku zaga siton ƙungiya da ƙarfe biyu na rana, ku ji zafin cikinsa, ku duba inda ake ajiye magunguna. Ku naɗa mutum ɗaya da zai kula da ruwan kyanwa da makullin akwatin magani har damina ta sauka.