Darasi: Ƙaramin Yaro a Gidan da Shanyewar Jiki Ta Shiga

Sa'ad da shanyewar jiki ta kama maigida ko uwargida, hankalin kowa yakan koma kan mai ciwon. Ana neman mota, ana neman kuɗin asibiti, ana aika wa dangi. A cikin wannan kai da kawowa akwai wanda mukan manta da shi, wato yaro ɗan shekara 4 ko 6 da yake tsaye a bakin ƙofa sa'ad da babansa ya faɗi. Ya ga bakin Baba ya karkace, magana ta ƙi fita, ya kuma ga an ɗauke shi ranga-ranga. Da ya yi tambaya, sai aka ce masa, "Je ka yi wasa, Baba ya yi tafiya." Darasinmu na wannan wata a kan wannan yaro ne.

Ba za mu iya faɗa wa yaro gaskiya ba sai mu kanmu mun san ta. Ƙwaƙwalwa kamar lambu take, jijiyoyin jini kuwa su ne hanyoyin ruwa. Idan wata hanya ta toshe ko ta fashe, wurin da take shayarwa sai ya lalace, gaɓar jikin da wurin nan yake sarrafawa kuma ta daina aiki. Sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi yake lura da gefen dama na jiki, a wurin yawancin mutane kuma shi yake lura da magana. Shi ya sa wanda gefensa na dama ya shanye sau da yawa yakan rasa magana. Binciken da likitocin Nijeriya da Gana suka buga a 2018 ya nuna hawan jini ne babban abin da yake jawo wannan ciwo a ƙasashen nan biyu. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta wurin taɓa mai ciwon ko cin abinci tare da shi.

Mu manya mukan ce yaro bai san kome ba. Wannan kuskure ne. Ya san wani abu ya faru, abin da bai sani ba kuwa yakan cike shi da tunanin kansa. Yara masu waɗannan shekaru sukan ɗauka cewa abin da suka yi ko suka faɗa shi ne yake jawo abin da ya faru. Idan jiya Baba ya tsawata masa domin ya bar awaki sun shiga gonar wake, yau kuma Baba ya faɗi, yaron zai haɗa biyun. Ba zai faɗa wa kowa ba. In kuma ya ji masu zuwa gaisuwa suna raɗa cewa hannun wani ne, sai tsoro ya ƙaru a kan laifin da ya ɗora wa kansa. Saboda haka mu kula da bakinmu a tsakar gida, gama kunnen yaro yana aiki ko da hannunsa yana wasa da ƙasa.

A sami mutum ɗaya wanda yaron ya saba da shi, ko mamarsa, ko kakarsa, ko gwaggonsa, ya zauna da shi a tabarma ya yi masa bayani gajere. Misali: "Babanka ba shi da lafiya ƙwarai. Ciwon a cikin kansa yake, shi ya sa hannunsa da ƙafarsa ba su motsi, magana kuma tana yi masa wuya. Ba kai ka jawo ba. Ba zai kama ka ba. Ni ce zan yi maka wanka in ba ka abinci." Zai sāke tambaya gobe da jibi, mu amsa masa da kalmomin nan dai, ba da faɗa ba.

Tambaya mai wuya ita ce, "Gwaggo, Baba zai mutu?" Kada mu ce zai tashi gobe, domin idan gobe ta zo bai tashi ba, yaron ba zai ƙara gaskata mu ba. Gara mu ce ciwon yana da tsanani, likitoci suna iyakar ƙoƙarinsu, duk abin da ya faru kuma za mu faɗa masa. Yawancin sauƙin da mai shanyewar jiki yake samu yakan zo a cikin wata 3 zuwa 6 na farko, ko da yake wasu sukan ci gaba da samun sauƙi bayan haka. Ga yaro wannan lokaci ne mai tsawo, sai mu auna masa da abin da ya sani, kamar daga shuka zuwa girbi.

Kafin a kai shi ya ga babansa, a gaya masa abin da zai gani: baki a karkace, yawu yana zuba, wataƙila da roba a hanci wadda ake ba shi abinci ta ciki. Kada a tilasta masa ya shiga. In ya tsaya a ƙofa yau, ya isa. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa masa tun da wuri. Wannan ciwo yakan sa mutum ya fashe da kuka ko dariya ba tare da dalili ba, ko ya yi saurin fushi domin kalmar da yake nema ta ƙi zuwa. Yaro zai ce Baba ba ya sonsa. Mu gaya masa ciwon ne, Baba kuwa yana jin muryarsa, yana kuma murna da ganinsa.

Sa'ad da mai ciwon ya dawo gida, a ba yaron ɗan aiki daidai ƙarfinsa. Ya yi masa fifita, ya kawo ruwan wanke hannu, ya ba shi labarin makaranta, ko ya yi masa waƙar da suka saba yi tare, gama wasu da suka kasa magana sukan iya bin waƙa. Amma kada yaro ya ba shi abinci ko ruwan sha shi kaɗai, domin haɗiya takan yi wuya, abinci ya bi hanyar numfashi. Kada kuma ya ja hannun da ya shanye, kafaɗar tana saurin jin ciwo.

In yaron ya koma fitsarin kwance, ko tsotson yatsa, ko ya manne wa zanen mamarsa, ko ya riƙa kukan ciwon ciki, bulala ba ta da amfani a nan. Tsoro ne yake fita ta wannan hanya, yakan kuma ragu idan lokacin cin abinci da barci da makaranta bai sāke ba. In abin ya wuce makonni yana ƙaruwa, har ya ƙi ci, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Al'adarmu ce a aika yara wurin dangi a wani gari domin a rage wa gida nauyi. Wani lokaci ba makawa. Amma a ganinmu wannan shi ne na ƙarshe da za a yi, gama yaron da ya rasa muryar babansa bai kamata ya rasa mamarsa da abokan wasansa a mako ɗaya ba. Haka nan 'yar shekara 9 da aka cire daga makaranta domin jinya, aka ce sai Baba ya warke, sau da yawa ba ta komawa.

A nan ne aikin ƙungiyarmu yake. Matar da take juya mijinta kowane awa 2 domin kada gyambo ya fito masa ba za ta iya yin noma ba, ba ta kuwa da sauran ƙarfin sauraron yaro. A taron wannan wata mu tsai da shawara: idan abin ya sami ɗan ƙungiya a tsakiyar damina, su wa za su fita gayya a gonarsa, a wace rana? Wace ce cikin zumuntar mata za ta karɓi jinya da rana domin uwar ta sami sa'a guda da 'ya'yanta? Wa zai je ya sanar da malamin ajin yaron? Magatakarda ya rubuta sunayen, mu kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya zo taro na gaba da abin awon jini ya auna mu duka.