Matakai Shida na Ɗaukar Hoton da Zai Kare Dajinmu

Duk wanda ya taso tsakanin Samaru Kataf da Kafanchan ya san kurmi yana ja da baya: ga buhunan gawayi a bakin titi, ga ƙunar daji da rani, ga leda ta cika rafuka. Baki kan yi musu, amma gani ya kori ji. Wayar hannunka ma ta isa, in ka bi waɗannan matakai.

1. Zaɓi wuri ɗaya. Ko gangaren ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya, ko gindin duwatsun Kagoro, ko kurmin Nindam da ya yi suna wajen masu nazarin tsuntsaye, ko rafin bayan gidanku. Ka riƙe shi har ka san shi ciki da waje.

2. Nemi izini. Je ka gaida mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Wasu wuraren suna da alfarma a wajen mutanen gari. Dattawa kuma su ne za su nuna maka inda kurmin ya tsaya a da.

3. Kula da haske. Fita da sassafe ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana kashe launi. Goge idon kyamara, musamman lokacin ƙurar hunturu.

4. Ɗauki hoto iri uku. Na nesa, wanda zai nuna wurin gaba ɗaya. Na kusa, kamar kututturen maɗaci da aka sare jiya, ɗanyen garin katako na zube a gindinsa. Sai na mutum: mai noman citta, ko matar da ke tsintar kaɗanya. Ka tambaye su tukuna, kuma kada ka tozarta mai gawayi, abinci yake nema. Kada ka taɓa sheƙar tsuntsu don hoto ya yi kyau.

5. Koma wurin. Nan ne ƙarfin aikin yake. Sa alama a dutsen da ka tsaya, ka ɗauka a watan Agusta ruwa na ambaliya, ka sake ɗauka a Maris ƙasa ta bushe, baɗi ma haka. In aka jera hotunan, mutum zai ƙirga da kansa itatuwan da suka ɓace, ya ga yadda zaizaya ta ci gaɓar rafi.

6. Rubuta, ka nuna. Kowane hoto a sa masa sunan wuri da kwanan wata, ban da ƙari ko kwaskwarima. Kafin Facebook, fara nuna wa masu wurin: makaranta, coci, masallaci, fadar hakimi, ko taron bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu. Su ne masu ikon hana sara da dasa sabo.

Ɗan'uwa, kada ka jira baƙo ya zo ya ba da labarin dajinku. Zaɓi wurinka, ka fara a wannan makon.