DARASI NA 9: Ruwan lambun gida: shin sai mun sayi injin tace ruwa?

Lokaci: awa ɗaya da rabi

Kayan da za a tanada: kofuna biyar masu tsafta, ruwa daga wurare daban-daban na garinku, sabulu, ƙwayar zogale busasshiya, ma'aunin ruwa na TDS, da littafin magatakarda.

Abin da muke so a ƙarshen zama: kowace mace ta san yadda ake gwada ruwa kafin a kashe kuɗi, ta kuma san tambayoyin da za ta yi wa mai sayar da injin tace ruwa.

Shimfiɗa

A darasin baya mun ga yadda ake shuka latas, alayyafo da tumatir a bokiti ko a buhu, a cikin buntun shinkafa ko yashi, ba tare da ƙasar gona ba. A irin wannan noma, duk abincin shuka a cikin ruwa ake narka shi. Idan ruwan ya gyaru, shuka ta gyaru. Idan ya ɓaci, babu ƙasar da za ta rufa masa asiri.

Bara wata ƙungiya da nake zagayawa ta kusa fasa akwati saboda wannan magana. Latas ɗinsu ya fara ƙonewa ta gefen ganye, sai wani mai sayar da kaya ya ce musu ruwansu ne ba kyau, sai sun sayi injin da ake kira RO. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da suka tara a wata bakwai. Na roƙe su su dakata mako guda. Da muka auna ruwan rijiyarsu, sai muka ga lafiyarsa lau. Ashe taki suke cikawa, ludayi biyu a inda ake son ɗaya. Da sun saya, da rancen mata huɗu ya tsaya, latas kuma ya ci gaba da ƙonewa.

Don haka darasin yau ƙa'ida ɗaya ce: a auna kafin a saya.

1. Dattin ruwa iri uku ne

Na farko laka, wadda ido ke gani. Ruwan rafi da na Dam ɗin Tiga da damina yakan yi ja saboda ita. Maganinta mai sauƙi ne: a bar ruwa ya kwana ya kwanta, ko a daka ƙwayar zogale ɗaya zuwa biyu don kowace lita, a dama, a jira awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye ta cikin ƙyalle mai tsafta.

Na biyu ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kawo gudawa da taifod. Ga ruwan sha, maganinsu tafasawa ko maganin kulorin.

Na uku gishirin da ya narke a cikin ruwa, wanda iyayenmu ke kira zartsi. Ba ya kwantawa, ƙyalle ba ya tare shi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Wannan na ukun shi ne ainihin aikin injin RO. Wadda ta saye shi don maganin laka ta sayi wahala, domin laka toshe shi take yi.

A ɗauki ruwa kamar kwano. Idan ya zo daga rijiya rabinsa cike da zartsi, wurin da ya rage wa taki kaɗan ne. Ki ƙara taki, ruwan ya yi wa saiwa ƙarfi, ganye ya ƙone. Ki rage, shuka ta ji yunwa.

2. Yadda za mu auna

A zuba ruwa a kofuna biyar: na rijiya, na tuƙa-tuƙa, na rafi ko dam, na sama idan akwai, da na leda. A fara da gwajin gida. Wanne ne sabulu ba ya kumfa a cikinsa? Wanne ke barin farin gari kamar kanwa a gindin tukunya? Wanne ke da ɗanɗanon bauri? Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Sai a ɗauko ma'aunin TDS. Abu ne kamar biro mai batir, bai kai kuɗin ɗan akuya ba, kuma guda ɗaya ya ishi ƙungiyoyi biyu ko uku. A tsoma bakinsa a ruwa, a jira lamba ta tsaya, magatakarda ta rubuta. A ɗauraye shi kafin kofi na gaba. Lambar tana nuna yawan abin da ya narke a ruwan.

Ƙasa da 300: ruwanku ya isa lambun bokiti. Ba ku buƙatar inji.

Daga 300 zuwa 600: a haɗa shi da ruwan sama. Ruwa mai 600, idan aka haɗa shi rabi da rabi da na sama, zai dawo kusan 300.

Sama da 600, kuma babu wani ruwan kusa: a nan ne kawai za a buɗe maganar inji.

Don kwatance, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsayar da iyaka a 500. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta nuna cewa ruwan da bai kai 450 ba babu damuwar zartsi wajen ban ruwa a gona. Mu mun ɗan tsananta ne saboda a bokiti taki ma a cikin ruwan zai shiga.

A auna sau biyu a shekara: a watan Afrilu lokacin da rijiyoyi suka ja baya, da watan Agusta lokacin da suka cika. Na Afrilu shi ne na yanke shawara, domin lambun rani ne ke kawo kuɗi.

Gargaɗi: wannan ma'auni ba ya ganin ƙwayar cuta, ba ya kuma faɗin ko akwai guba irin ta dalma. 'Yan uwanmu na Doguwa da ke kusa da tsofaffin ramukan haƙar kuza na Riruwai, kada a ɗebi ruwan rami a sha ko a ba ganyen miya sai an kai shi ɗakin gwaji. Ku nemi malamin gona na KNARDA ya nuna muku inda za a kai.

3. Arzikin da muke da shi

Mu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, Allah ya ba mu ruwan sama fiye da arewacin jihar. Ruwan sama kusan ba shi da zartsi ko kaɗan, wato abin da injin ke wahalar samarwa yana zubo mana daga indararo kyauta. Ɗaki mai rufin kwano, tsawo mita 5, faɗi mita 4, idan aka yi ruwa mai kyau na milimita 25, zai zubo da lita 500. Jarka 20 ke nan a dare ɗaya. A bar ruwan farko ya wanke rufi, sannan a tara a tanki mai murfi saboda sauro da gansakuka. Kan latas ɗaya a bokiti, daga dashe zuwa yanka, lita 4 zuwa 6 yake sha. Ku yi lissafi da kanku: tanki mai lita 1,000 kan latas nawa zai raina?

4. Idan ya zama dole a saya

Injin RO shi ne irin wanda masu ruwan leda da yawa ke amfani da shi, sai dai na gida ƙarami ne. Yana matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi da ake kira membiren, ruwa ya wuce, fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirin ya tsaya. Kafin ku ba da ko sisi, ku yi waɗannan tambayoyi shida, a rubuta amsa.

Ɗaya: da wane ƙarfi zai yi aiki? Yana buƙatar matsin da ya kai na tankin da aka ɗora a tsayin mita 30. Tankin da ke kan bulo ko kan katanga ba zai tura shi ba. Dole sai da ɗan famfon ƙara ƙarfi, shi kuma sai da wuta ko sola. Idan garinku wuta sai an yi sa'a, a sa kuɗin sola da batir a cikin lissafi tun farko.

Biyu: lita nawa yake bayarwa? A jikinsa za ku ga an rubuta 50, 75 ko 100 GPD, wato galan a rana. Mai 75 yana nufin kusan lita 280, jarka 11, amma idan ya yi aiki dare da rana ba tsayawa. Idan awa 6 kawai kuke samun wuta, jarka uku ma da ƙyar.

Uku: nawa yake zubarwa? Wannan ne masu sayarwa ba sa son faɗa. Ƙananan injina sukan zubar da lita 3 ko 4 kafin su ba da lita ɗaya mai kyau. Kina son jarka 4, sai an ɗebo 16 ko fiye. Wa zai ɗebo? Ke ce, ko 'yarki da ya kamata tana makaranta, ko kuwa mai ga-ruwa za a biya? Ruwan da ya zubar ya fi na asali zartsi. A yi wanki da shara da shi, kada a ba shuka.

Huɗu: matatai nawa ne kafin membiren? A ƙalla biyu: ta tare laka, da ta gawayi mai cire kulorin, domin kulorin na lalata membiren. Ana canza su wajen kowane wata shida, da wuri idan ruwan na da laka. Membiren kuwa shekara biyu zuwa uku.

Biyar: ina ake samun kayan canji? Idan sai an je cikin Kano, a haɗa da kuɗin mota. A zaɓi inji mai matatai irin na gama-gari da ake samu a shago fiye da ɗaya. A tambayi farashi a wurare uku.

Shida: za a gwada a gabanmu? Ku je da ruwanku a jarka da ma'auninku. Idan ruwa mai 700 ya shiga, ya kamata ya fito bai wuce 70 ba. Wanda ya ƙi gwaji, ku yi masa godiya ku taho. Wanda ya yarda, ku karɓi rasit da lambar mai gyara.

Abu na ƙarshe: ruwan RO fanko ne, har sinadarai masu amfani irin su kalsiyom ya cire. Tumatir da ya rasa kalsiyom gindinsa ke yin baƙi ya ruɓe. Sai an yi amfani da cikakken takin noman ruwa, mai zuwa kashi biyu, A da B. NPK na gona shi kaɗai ba zai isa ba.

5. Hukuncin akwati

Kuɗin asusun taimako na rashin lafiya ne, haihuwa da rasuwa. Ba a taɓa shi don inji. Idan ƙungiya ce za ta saya, sai a zaman da kowa ke nan, a ƙirga hannu, a rubuta gidan da za a ajiye, wadda za ta kula, da nawa za a riƙa warewa duk wata don matatai. Idan mace ɗaya ce za ta ci rance, ta fara nuna wa 'yan uwa lissafinta: kuɗin inji, na wuta, na ruwa da na matatai a shekara, a gefe guda kuma cinikin ganyen da take sa rai. Idan cinikin bai rufe ba, a ba ta shawara ta sayi tanki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane ruwa ne ya fi ƙarancin lamba a garinmu? Nisansa nawa?
2. Cikin datti uku, wanne ne matsalarmu?
3. Da kuɗin inji ɗaya, tanki nawa za mu iya saya?

Aikin gida

Kowace ta zo mako mai zuwa da ruwan da take ba lambunta a cikin gora mai tsafta, da ganye ɗaya daga shukar da ke ba ta damuwa. Wadda ke da rufin kwano ta sa a auna mata tsawo da faɗinsa. Magatakarda ta buɗe sabon shafi mai suna "Ruwan garinmu", ta rubuta kwanan wata da lambar kowane ruwa. Allah ya sa albarka a abin da muka tara.