Kafaɗar Wani Magini da Sakacin Mai Lasisi

Wani dattijo magini, wanda shekarunsa suka ba hamsin baya, ya faɗo daga kan tsani yana ɗora bulo, kafaɗarsa ta dama ta goce, aka garzaya da shi wurin mai ɗori, wanda ya taka masa hamata ya fizgi hannun har ƙashin ya koma mazauninsa, sa'an nan ya ɗaure, ya ce nan da sati uku zai koma bakin aiki. Sati uku suka shuɗe hannu bai ɗagu ba. Daga nan mai kemis na unguwa ya karɓi lamarin, ya dinga ɗirka masa allurar sitiroyid a gaɓar, alhali duk wanda ya karanta ko muƙaddimar wannan fanni ya san yawanta raunana jijiya yake yi.

Waɗannan biyu jahilci ne uzurinsu, in har jahilci uzuri ne ga mai taɓa jikin ɗan Adam. Wanda ya ƙona mini rai shi ne na uku, abokin sana'armu ta gashin ƙashi mai shaida da lasisi, wanda ya shafe watanni yana haska wa bawan Allah fitilar gashi yana karɓar kuɗinsa, ba tare da ya taɓa gwada ƙarfin hannun ba.

Ranar da ya zo gare ni, da na sa ya tuɓe riga, sai ga rami ƙuru-ƙuru a bayan allon kafaɗar inda tsoka ta zube. Na ɗaga masa hannun gefe na ce, "Baba, riƙe shi nan," ina saki ya faɗo yaraf. Ya ce, "Likita, rabona da ɗaga shi a kabbara tun damina." Hoton MRI ya tabbatar da abin da ido ya riga ya gani: jijiyar sufrasfinatus ta tsinke ta ja baya, kitse ya cinye tsokar, likitan ƙashi kuwa ya ce lokacin ɗinki ya wuce.

Gocewar kafaɗa bayan shekara 40, a zargi tsinkewar jijiya. Hannun da ya kasa ɗaguwa bayan faɗuwa, a tura shi hoto da wuri. Fitila ba ta ɗinke jijiya.

Haƙiƙa ilimin kafaɗa bai tsaya inda muka bar shi a jami'a ba. Tun 1972 wani likitan ƙashi, Charles Neer, ya yaɗa ra'ayin cewa ƙashin sama ne ke gugar jijiya, aka yi ta aske ƙashin shekara da shekaru, sai a 2018 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a Birtaniya wanda ya nuna wannan tiyata ba ta fi ta jeka-na-yi-ka wani amfanin a zo a gani ba. Haka kuma tsofaffi da dama suna yawo da tsagewar jijiya ba tare da ciwo ba, kuma galibin irin wannan atisaye mai tsari yake buƙata. Wanda ya daina muɗala'a ba zai bambance wannan da na maginin nan ba, zai tura wanda ya kamata ya riƙe, ya riƙe wanda ya kamata ya tura.

Hukumar da ke ba mu lasisi a Nijeriya ta sharɗanta makin ƙarin ilimi kafin sabuntawa, amma na sha ganin masu zuwa taron bita su sa hannu a takarda, su ɓace kafin azahar, su dawo karɓar shaida. Wannan ha'inci ne, kuma a jikin talaka yake ƙarewa.

Ku kuma majinyata, ku bar kai kafaɗa kemis, ku bar yarda a soka muku allura a gaɓa a bayan kanti. Mai ciwon sukari da kafaɗarsa ta fara sandarewa ya zo tun tana motsi. Wanda kuma aka yi wa wata guda ana gashi ba a taɓa cewa ya tura hannu a ji ƙarfinsa ba, ya nemi wani wurin.